Zauren Wasanni: Ina Najeriya Ta Tsaya a Wasan Kurket?

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da na ajiye aikin koyar da wasanni a sakandare na kama wannan shafi, kusan duk wasiƙar da ta zo kan ƙwallon ƙafa take, sai jefi-jefi dambe ko kokawa. Wannan karon tambayoyi kan kurket ne suka taru, na ga ya fi kyau in haɗa su wuri ɗaya. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, wataƙila amsarsa na cikin ta wani.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da gidan kallon ƙwallo a Sabon Gari. Wani yaro ya nuna mana a wayarsa wai Najeriya ta ci 271 a kurket, Kot Debuwa kuma ta ci 7 kacal. Musu ya kaure, wasu na cewa haɗin intanet ne, wasu na cewa ashe mu ne zakarun Afirka ba mu sani ba. A raba mana gardama. (Mai gidan kallo, Sabon Gari, Zariya)

Amsa: Ɗana, yaron bai yi ƙarya ba. An yi wannan wasa a nan gida Najeriya a watan Nuwamba na 2024, a zagayen farko na neman tikitin gasar cin kofin duniya. Amma 'yan gidan kallonka da ƙwaƙwalwar ƙwallon ƙafa suke lissafi, shi ya sa 271 ta razana su. Bari in ɗan warware.

Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ɓangare ɗaya na bugu, ɗaya na jifa da tare ƙwallo, in an gama a yi musanya. Mai bugu yana tsaye gaban sanduna uku, mai jifa yana neman ya kayar da sandunan, ko ya sa mai bugun ya ɗaga ƙwallo sama a cafe kafin ta taɓa ƙasa. In hakan ta faru, mai bugu ya fita, wani ya shigo. Idan aka fitar da mutum 10, ɓangaren ya gama ke nan. Maki kuwa da gudu ake samunsa tsakanin sandunan nan da waɗancan, tazarar yadi 22. In ƙwallo ta gangara ta tsallake iyakar fili maki 4 ne, in ta tashi sama ta faɗa waje ba ta taɓa ƙasa ba maki 6. Jifa shida shi ne oba ɗaya. A gajeren wasan da ake kira T20 kowane ɓangare oba 20 gare shi, wato jifa 120, a gama komai cikin kamar awa uku.

To a jifa 120 ɗin nan ne yaranmu suka tara 271, an fitar musu da mutum 4 kawai. Selim Salau shi kaɗai ya ci 112. Da 'yan Kot Debuwa suka shigo bugu, ba su cika oba 8 ba aka kwashe su duka a kan maki 7, kuma bakwai daga cikinsu ko maki ɗaya ba su ci ba. Kafin ranar, mafi ƙarancin makin da wata ƙasa ta taɓa ci a T20 na maza shi ne 10. Saboda haka ɓangaren da ya ce haɗin intanet ne ya faɗi.

Sai dai masu cewa mu ne zakarun Afirka su ma ba su ci gardamar ba. Kot Debuwa sai a 2022 ta shiga hukumar kurket ta duniya, ICC, kuma wasan da ta yi da mu shi ne na biyu a tarihinta. Ɗan damben da ya kai ɗan koyo ƙasa ranar da aka fara ɗaura masa zare, ba a kiɗa masa taken sarkin dambe. Ni da na ga sakamakon ma tausayin baƙin na fi ji, domin na san yadda yaro yake ji in ya tako fili da takalmin aro aka fitar da shi a jifan farko gaban jama'a.

Akwai wani tarihin da muka taɓa riƙewa wanda ya fi wannan burge ni. A Oktoba 2021, a Legas, Peter Aho ya fitar da 'yan Saliyo 6 alhali maki 5 kawai aka ci a jifansa, uku daga ciki a jere, jifa uku mutum uku. Mai jifa a T20 ba a ba shi fiye da oba 4, ka ga kuwa aikin ba ƙarami ba ne. Wannan bajinta ta shafe ta Deepak Chahar na Indiya, ta zauna a matsayin ta ɗaya a duniya har zuwa 2023, lokacin da wani ɗan Maleshiya, Syazrul Idrus, ya fitar da 'yan Sin 7 a kan maki 8. Saliyo kuwa ba baƙuwar wasan ba ce, tsohuwar abokiyar karawarmu ce. Ka faɗa wa 'yan gidan kallonka cewa a yammacin Afirka babu mai ja da mu. Daga nan gaba kuma labari ya sha bamban, kuma shi ne tambaya ta gaba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru, ina bin wasannin Indiya da Pakistan a waya. Me ya sa ban taɓa ganin Najeriya ta kara da Indiya ko Ingila ko Ostireliya ba? Wa ke tsara wa ƙasa wasanninta? (Ɗalibi, Samaru)

Amsa: Wannan ita ce tambayar da na fi so a cikin wasiƙun nan, ɗana, don a nan matsalarmu take kwance.

Kurket ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne, inda kowace ƙasa take da kujera iri ɗaya. ICC tana da mambobi sama da 100, amma 12 ne kawai cikakku, su ne ke buga dogon wasan nan na kwana biyar da ake kira Tes. Afganistan da Ayalan ne na baya-bayan nan da aka shigar, a 2017. A Afirka biyu ne tak, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Waɗannan 12 suna da jadawalin shekaru da suke tsarawa a tsakaninsu, wa zai ziyarci wa da yaushe, kuma kuɗin talabijin ne ke jan ragamarsa. Indiya ba za ta taso ta zo Abuja ba, don babu mai sayen haƙƙin nuna wasan da kuɗin da zai biya tafiyar. Sauranmu 'yan rakiya ne a tsarin. Najeriya ta samu kujerarta ta ƙashin kanta a 2002. Kafin nan a haɗe muke da Gana da Saliyo da Gambiya, ana fita da sunan yammacin Afirka.

Abin da ya buɗe mana ƙofa shi ne shawarar da ICC ta yanke a 2018, cewa daga farkon 2019 duk wasan T20 da ƙasashe mambobi biyu suka buga na maza, za a rubuta shi a matsayin cikakken wasan ƙasa da ƙasa. Shi ya sa sunan Peter Aho ya iya shiga littafi ɗaya da na 'yan Indiya. Wasanmu na farko a wannan matsayi da Kenya muka yi shi, a Kampala, cikin Mayu 2019.

Wasannin da Yellow Greens, wato ƙungiyarmu ta maza, take samu iri biyu ne. Akwai na neman tikiti, waɗanda ICC ke shiryawa hawa-hawa: a fara da ƙaramin rukuni, wanda ya tsallake ya je zagayen ƙarshe na Afirka, daga can ƙasashe biyu su tafi gasar duniya. Akwai kuma waɗanda hukumar kurket ta Najeriya take nema da kanta, ta gayyato maƙwabta ko ta amsa gayyata, kamar gasar da aka yi a Legas a 2023 da Gana da Saliyo da Ruwanda, wadda muka ɗauki kofinta. Irin waɗannan kuɗin jirgi da masauki ne ke yanke hukunci a kansu, shi ya sa kullum fuskoki ɗaya muke gani.

Yanzu duba abin da ke faruwa in mun hau mataki na sama. A 2019 mun zo na uku a Kampala, bayan Namibiya da Kenya, ba mu samu wucewa ba. Sai ICC ta dakatar da Zimbabuwe saboda katsalandan ɗin gwamnati, aka ba mu gurbinta a babbar gasar neman tikiti da aka yi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa cikin Oktoba. Wasa 6 muka yi, duka aka cinye mu. A gaban Ayalan, maki 66 muka iya tarawa a oba 20, su kuma suka kamo shi a oba 6 da ɗoriya. A Nuwamba 2023 a Namibiya, mai masauki da Yuganda ne suka tafi, har Zimbabuwe ta rasa. A 2025 a Harare, Zimbabuwe da Namibiya suka karɓi tikitin gasar 2026 ta Indiya da Siri Lanka. Duk muna wurin, kallo ya kai mu. Kuma don ka ga nisan tafiyar, Yugandan da ta fi mu, da ta je gasar duniya ta 2024 ta ci Papuwa Niyu Gini, amma 'yan Wes Indis, wato haɗakar ƙasashen yankin Karebiyan, suka kwashe ta a kan maki 39.

Ra'ayina, kuma na san akwai masu horarwa da ba za su ji daɗinsa ba: jifanmu da tare ƙwallonmu sun isa su fitar da mu kunya, bugu ne ke kashe mu. Dalilin ba boyayye ba ne. Yawancin yaranmu a kan daɓen siminti ko shimfiɗa suka koyi bugu, inda ƙwallo take tashi iri ɗaya kullum, ka rufe ido ma ka san inda za ta zo. Wasan ƙasa da ƙasa kuwa a kan ƙasa da ciyawa da aka daddanne ake yinsa. A can ƙwallo tana karkacewa, yau ta yi tsalle gobe ta kwanta, safe daban yamma daban. Irin wannan fili kaɗan ne a ƙasar nan, a Legas da Abuja da Benin aka fi saninsu, kuma kula da shi yana cin ruwa da ma'aikata. Ƙari a kan haka, yaron da bai taɓa tsayawa gaban mai jifa da gudun kilomita 140 a awa ba, ranar da ya fara gani ba zai iya komai ba, ko da wa ya horar da shi. Ido ne ke sabawa, kuma ba ya sabawa a wasa da Kot Debuwa. An kawo Steve Tikolo a 2022 ya horar da ƙungiyar, mutumin da ya ja Kenya har wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta 2003. Zaɓi ne mai kyau. Amma da za a tambaye ni, in an samu kuɗin tafiya ɗaya a shekara, gara a je Namibiya ko Yuganda a sha kashi sau biyar da a zauna a gida a tara kofunan da ba sa ƙara wa mai bugu komai. Matsayinmu a jerin ICC ya daɗe yana yawo tsakanin na 30 da na 40, kuma cin maƙwabta ba zai fitar da mu daga nan ba.

Ingila da Ostireliya da ka ambata kuwa, mun taɓa haɗuwa da su, amma a matakin 'yan ƙasa da shekara 19. A gasar duniya ta 2020 a Afirka ta Kudu, wadda ita ce ta farko da Najeriya ta taɓa zuwa, Sylvester Okpe na kyaftin, an sa mu rukuni ɗaya da su da Wes Indis. Wasan oba 50 ne, kuma a duka ukun ba mu kai maki 70 ba. Daga baya muka ci Japan muka ƙare na 15.

Tambaya: Malam, a majalisarmu ta bayan la'asar wani ya ce Sardauna ya buga kurket. Na ce ban yarda ba, wannan wasan 'yan kudu ne. (Wani dattijo, Ƙofar Doka)

Amsa: Allah ya ƙara girma, Baba, amma wannan karon abokin hirarka ne da gaskiya. Sir Ahmadu Bello ya buga kurket da wasan fayif, wanda ake buga ƙwallo da hannu a jikin bango, a Kwalejin Katsina, kuma an san shi da son su har girmansa. Kwalejin nan da aka buɗe a 1921 ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Turawan da suka koyar a cikinta da wasan suka zo, haka ma sauran manyan makarantun gwamnati na Arewa. A kudu ya riga mu daɗewa, gaskiya ne, domin tun 1904 Legas ta kara da Gwal Kos, wato Gana ta yanzu. Amma Zariya ba baƙuwa ba ce a ciki: Farfesa Yahaya Ukwenya, likitan tiyata na Jami'ar Ahmadu Bello, shi ya shugabanci hukumar kurket ta ƙasa kafin Uyi Akpata ya karɓa a 2021. Babban filin kurket na Legas ma a dandalin Tafawa Ɓalewa yake, shi ma tsohon ɗalibin Katsina.

Tambaya: Malam, 'yata tana aji biyu a babbar sakandare. An fara koya musu kurket, ta dame ni wai tana so ta ci gaba. Mahaifinta yana jan ƙafa saboda sutura da kuma tsoron rauni. Wasan nan yana da wata makoma ga 'ya mace? (Wata uwa, Tudun Wada)

Amsa: Hajiya, in dai maganar sakamako ce, 'yan matanmu sun sha gaban maza, kuma ba da kaɗan ba.

A watan Janairu 2025 aka yi gasar duniya ta T20 ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 19 a Maleshiya. Karon farko ke nan da Najeriya ta je. Wasansu na farko da Samowa ruwan sama ya hana. Na biyu da Niyu Zilan ne, ɗaya daga cikin manyan nan 12, ƙasar da manyan matanta suka ɗauki kofin duniya na T20 watanni kaɗan kafin nan. Saboda jiƙewar fili aka rage wasan zuwa oba 13. Yaranmu, Lucky Piety na jagorantarsu, suka ci 65. Duk wanda ya san wasan zai ce makin ya yi kaɗan, domin 5 ne kawai a kowane oba. Amma suka matse jifa, suka hana ƙwallo wucewa, har jifan ƙarshe Niyu Zilan tana kan 63. Maki 2 ne tsakani. Suka wuce zagaye na gaba, suka kuma ci Ayalan. A wurina wannan maki 2 ya fi tazarar 264 da maza suka ba Kot Debuwa nauyi nesa ba kusa ba, saboda wanda aka ci. Kafin nan ma, a wasannin Afirka da aka yi a Akara cikin Maris 2024, manyan matanmu sun ci Yuganda sun dawo da lambar tagulla, bayan Zimbabuwe da Afirka ta Kudu.

Me ya sa mata suka fi saurin kamo na gaba? A ganina saboda a ɓangarensu ratar ba ta yi zurfi ba tukuna. Ƙasashe da yawa ba su daɗe da fara zuba kuɗi a wasan mata ba, don haka wanda ya tashi da wuri ya kama yara tun daga makaranta yana iya shiga sahu.

Batun sutura, ki gaya wa maigida ya kwantar da hankalinsa. Da dogon wando da riga ake buga kurket, mai dogon hannu ma in ana so, kuma babu cakuɗuwar jiki kamar a ƙwallon ƙafa. Pakistan da Bangaladash suna da ƙungiyoyin mata, kuma akwai Abtaha Maqsood da take yi wa Sukotlan jifa sanye da ɗankwalinta a rufe. Tsoron rauni kuwa yana da tushe, ba zan ɓoye miki ba. Ƙwallon gaske tauri gare ta, fata ce aka ɗinke a kan ƙullutu mai nauyi, tana iya fasa yatsa ko haƙori. Kada ki yarda ta tsaya bugu da irinta sai da hular kwano da safar hannu da abin kare ƙwauri. In makarantar ba ta da su, a tsaya kan ƙwallon tanis. 'Yan Pakistan ma da ita suke tashi a lungunan Karachi, su naɗe ta da salatif ɗin masu gyaran wuta don ta ƙara gudu, kuma manyan masu jifansu da yawa daga nan suka fito. Ni ma da ita nake fara wa ɗalibaina, musamman da hunturu, lokacin da filayen Zariya suke bushewa ƙwallo ta riƙa tsalle ba kan gado.

Makoma fa? Kada in yi miki daɗin baki: a Najeriya ba sana'ar da za a dogara da ita ba ce tukuna, karatunta ne gaba. Amma hanyar a buɗe take, daga gasar makarantu zuwa ƙungiyar jiha, daga nan a gan ta a gasar shiyya ko ta ƙasa. Kuma kurket zai dawo wasannin Olimfik a Los Anjelis a 2028, a tsarin T20, maza da mata, bayan rabonsa da su tun 1900 a Faris. Ƙasashe shida-shida kawai za a ɗauka a karon farko, saboda haka ba da mu za a fara ba. Ki je ki ga malamin da ke koya musu ido da ido, ki tambaye shi wa ke raka yara mata in za a yi tafiya, da inda ake sauke su.

Tambaya: Malam, na ga an rubuta wata ƙasa ta ci wasa alhali makinta bai kai na abokiyar karawarta ba. Magudi ne? Kuma a ina zan kalli wasannin Najeriya? (Mai shagon waya, PZ)

Amsa: Ba magudi ba ne, ɗana, ruwan sama ne. Ba a buga kurket cikin ruwa. In ya katse wasa, akwai lissafin da ake kira DLS, wanda yake duba oba nawa suka rage da mutum nawa aka fitar, ya yanka wa masu bugu na biyu sabon makin da za su kamo. A T20 sai kowane ɓangare ya samu aƙalla oba 5 kafin a ce an yi wasa, in ba haka ba a tashi babu wanda ya ci, a raba musu makin teburin gasa. Wannan ya sa lokacin da ake sa wasa yake da muhimmanci, kuma a nan Arewa daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da ya fi dacewa.

Kallo kuwa, kada ka jira tashoshin talabijin na gida. Wasannin neman tikiti ICC tana nuna su a shafinta na intanet, hukumar kurket ta Najeriya kuma tana sanar da ranakun wasanninta a Facebook, wani lokaci har ta nuna na gida kai tsaye a YouTube. Ka tanadi data mai yawa da cajin waya, awa uku ne. Yawanci da rana ake bugawa, tunda ƙananan filayen nan ba su da fitilun dare, don haka sai ka samu mai tsare maka shago.